Mijin ƙanwata yana ajiye bindiga a gabanta in sun saɓa: da gaske kotun Amurka ba za ta iya karɓe ta ba?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, take aure a Houston ta jihar Teksas. Ta kusa shekara biyu da tarewa, da 'yarta ɗaya da ta haifa a can. Mijin ya daɗe a ƙasar har ya zama ɗan ƙasa, ita kuma ta hannunsa ta samu katin zama na shekara biyu. Bara ya sayi ƙaramar bindiga, ya ce saboda ɓarayi. Yanzu in magana ta haɗa su sai ya ɗauko ta ya ajiye a kan tebur, ya zauna yana goge ta, ba ya cewa uffan. Watan jiya ya shaƙe ta har ta fara ganin duhu. Da ta ce za ta kira 'yan sanda sai ya yi dariya, ya ce kotu ta riga ta yanke hukunci cewa ko alƙali ba ya raba mutum da bindigarsa, kuma ranar da ta kira su ranar za a koro ta Najeriya a bar masa yarinyar. Babanmu ya ce burga ce kawai, za a sa wani dattijo ɗan garinmu da ke can ya zaunar da su, a gaya masa in bai daina ba za ta kai shi kotu. Ni dai barci ya ƙaurace wa idona. Gaskiya ne abin da yake faɗa? Me za mu yi?

Wata 'yar'uwa daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da abin da ba ya jiran gobe. Ki roƙi Baba, cikin ladabi amma yau ɗin nan, ya dakatar da maganar dattijon. Kada kowa ya gaya wa mutumin nan cewa matarsa tana tunanin kotu. Zan dawo kan dalili, kuma a nan zan daɗe, don shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Amma bari in fara kwance igiyoyin ƙarya biyun da ya ɗaure ta da su.

Maganar cewa alƙali ba ya raba mutum da bindigarsa na san inda ta fito, ta yi yawo a WhatsApp har ta gaji. Tsohon labari ne aka yanke masa wutsiya. Tun 1994 akwai dokar tarayya da ta haramta wa wanda kotu ta ɗora wa odar kariya, wato umarnin kotu na ya nisanci wadda yake cutarwa, saboda cin zarafin matarsa, ko tsohuwar matarsa, ko uwar ɗansa, ya riƙe bindiga ko harsashi ko da ƙwaya ɗaya, muddin odar tana aiki. A 1996 aka ƙara wata: wanda aka samu da laifin dukan iyali, ko da a jerin ƙananan laifuka aka rubuta shi, ya yi sallama da bindiga. Sai a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen ta New York, ta ce duk dokar da ta taƙaita riƙe makami sai an nuna tana da tushe a tarihin dokokin ƙasar. Nan take lauyoyi suka yi caa a kan kowace dokar bindiga.

Cikin waɗanda suka ci moriyar wannan guguwa akwai wani matashi a Arlington, a cikin Teksas ɗin, mai suna Zackey Rahimi. A Disambar 2019 ya finciki uwar ɗansa a wurin ajiye motoci ya cusa ta cikin mota har kanta ya bugu, da ya lura wani yana kallo sai ya zaro bindiga ya yi harbi. Kotu ta ba ta odar kariya a Fabrairun 2020. Tsakanin Disambar 2020 da Janairun 2021 ya yi harbi sau biyar a wurare daban-daban, har da harbin iska a wani gidan abinci don katin kuɗin abokinsa ya ƙi aiki. Da 'yan sanda suka binciki gidansa suka tarar da bindigogi biyu da harsasai, ga kuma kwafin odar kotun a ajiye. Wannan mutumin ne kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da Teksas ta ce, a farkon 2023, dokar ta tauye masa haƙƙi. Hukuncin da mijin ƙanwarki yake taƙama da shi ke nan.

Abin da bai gaya mata ba shi ne an rushe shi. Ranar 21 ga Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta soke shi, alƙalai takwas cikin tara. Shugabansu John Roberts ne ya rubuta hukuncin. Ya nuna cewa tun farkon ƙasar ana sa wanda ake tsoron zai yi ta'adi ya ajiye jingina, ana kuma hukunta mai yawo da makami yana firgita jama'a, saboda haka idan kotu ta gano mutum barazana ne ga lafiyar wani, ana iya raba shi da bindiga na wani lokaci. Clarence Thomas kaɗai ya ƙi. Hujjarsa ita ce mai laifi a gurfanar da shi a yanke masa hukunci, amma kada a ƙwace masa haƙƙi da takardar kotun iyali. Masu wannan ra'ayi suna da yawa a ƙasar, wasunsu lauyoyin marasa galihu ne da suka ga an nemi oda don a samu galaba a rikicin saki, kuma ban ce hakan bai taɓa faruwa ba. Sai dai oda tana ƙarewa a mayar wa mutum bindigarsa, wadda aka harbe kuwa ba mai mayar wa uwarta ita. Wanda ya saɓa wa dokar nan a yau yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 15.

Ta biyun, ta kora zuwa Najeriya, ita ce bulalar da azzaluman maza a nan suke kaɗa matan da suka ɗauko daga gida da ita. Katin zamanta nata ne, kuma kiran 911, lambar gaggawa da ake kiran 'yan sanda da ita a Amurka, ba ya soke shi. Gaskiya ne a ƙa'ida miji da mata tare suke cika fom ɗin I-751 don a mayar da katin shekara biyu na shekara goma. Amma doka ta bar ƙofa a buɗe: matar da aka doka ko aka gallaza wa tana cikawa ita kaɗai ba tare da sa hannunsa ba, kuma an hana hukumar shige da fice ta gaya masa abin da ta shigar. Tunda wa'adin katin ya ƙarato, ta nemi lauyan shige da fice na gaske tun yanzu. Na ce na gaske, don akwai masu shaguna da suke cika wa mutane fom suna karɓar daloli alhali ba su taɓa shiga ajin shari'a ba, kuma ɓarnar da suke yi wa 'yan Afirka ta kai ni maƙura. Batun yarinya kuma, dokar iyali ta Teksas ta hana alƙali ya ba iyaye riƙon haɗin gwiwa idan akwai gamsasshiyar shaida cewa ɗaya ya saba dukan ɗaya. Rahoton 'yan sanda da takardar asibiti su ne za su taimake ta ta riƙe 'yarta. Shirun da take yi shi yake taimaka wa. Abin da zai jefa ta cikin rigima da gaske shi ne shawarar da na san wani a dangi zai kawo, ta ɗauko yarinyar ta hau jirgi ta taho Kano. Fitar da yaro daga Amurka don a hana ɗaya mahaifin haƙƙinsa laifi ne na tarayya, ɗaurinsa ya kai shekara uku. Kada ta yi sai da izinin kotu.

To, ga maganar Baba.

Allah ya ƙara masa lafiya, ban raina tunaninsa ba. Abin da ya faɗa shi nake ji kusan kowane mako daga bakin iyaye da kawunai da limamai, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Burga ce kawai. Da zai harbe ta da tuni ya harba. Mai kisa ba ya shela. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. A zaunar da su a ja masa kunne. A duk shekarun da na yi a wannan aiki ban ga fahimtar da ta fi wannan haɗari ga matanmu ba, kuma haɗarinta daga kyawunta yake, don ta yi kama da hankali da dattako.

Ilimin Baba na gaskiya ne, amma a tsakar gidan Kano aka gina shi. A gida idan miji ya ɗaga hannu akwai kishiya ko facala a ɗakin da ke kusa, akwai tsohuwa a zaure ko a ɗakin baya, akwai maƙwabcin da zai ɗirgo katanga da jin ihu. Mari da bulala, har da taɓarya, duk suna ba da lokacin da wani zai shigo ya raba. In abin ya yi tsanani mace ta yi yaji, ta tafi gidan ubanta inda yayyenta maza suke zaune a ƙofa, miji ya zo biko da rakiyar manya, kansa a ƙasa. Duk tsarin sulhunmu a kan abu biyu ya tsaya: akwai lokaci, kuma akwai inda za ta je. Sannan magidanci a Najeriya bai saba ajiye ƙaramar bindiga a durowar gefen gado ba, don a dokar makamai ta 1959 irinta sai da lasisin shugaban ƙasa. A Teksas kuwa, tun 1 ga Satumban 2021, wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta haramta masa ba yana rataya ta ya shiga gari ba lasisi. Ƙanwarki tana cikin gidan haya ita da jaririya, maƙwabtanta ba su san sunanta ba, gidan ubanta yana bayan teku. Tsakanin ɗaukar bindiga daga tebur da taɓa kunamarta ba a kai ƙiftawar ido biyu. Wa zai raba?

Su kuma masu cewa ai bai taɓa harbawa ba, ina so su tsaya su kalli abin da kika rubuta. Mutum ya ɗauko bindiga a tsakiyar gardama, ya ajiye inda za ta gani, ya zauna yana goge ta ba magana. Bindigar ta riga ta yi aikinta. Ta rufe mata baki, ta hana ta barci, ta koya mata cewa ranta a hannunsa yake. Ba ɓarawo ake nufi da wannan gugar ba. A dokar Teksas ma, nuna makami yayin yi wa mutum barazana yana iya zama babban laifi ko da harsashi bai fita ba.

Wannan ba zato nake yi ba, an bincika. Farfesa Jacquelyn Campbell ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun bi diddigin matan da mazajensu ko samarinsu suka kashe a birane 11 na Amurka, suka gwada su da matan da aka doka amma suka rayu, suka wallafa sakamakon a 2003. Inda mai dukan yake da bindiga a hannu, haɗarin kisa ya ninka kusan sau biyar. Inda namijin mai tsananin iko da sa ido ne kuma matar ta rabu da shi bayan sun zauna tare, ya ninka har sau tara. Wani binciken da ya biyo baya a 2008 ya duba shaƙa ita kaɗai, ya tarar macen da aka taɓa shaƙewa haɗarin a kashe ta ya ninka sau bakwai. Ki lissafa abin da ke cikin wasiƙarki, Hajiya. Bindiga tana nan, shaƙa ta faru, barazana da takardu da 'ya tana nan. Saura abu ɗaya cikin jerin, ya ji cewa za ta tafi. Shi ne kuma abin da ake shirin aika dattijo ya gaya masa.

Shaƙar nan kada a ɗauke ta kamar mari mai zafi. Wanda ya riƙe wuyan mace har ta ga duhu ya kai ta bakin kabari ya dawo da ita, kuma ya ga cewa zai iya. Shi ya sa tun 2009 Teksas ta mayar da shaƙe iyali babban laifi mai ɗaurin shekara 2 zuwa 10. Sau da yawa ba ta barin tabo a fata, amma tana iya raunata jijiyoyin jini na wuya, illar ta bayyana daga baya. Ko da wata guda ya wuce, idan muryarta ta dishe, ko haɗiya tana yi mata wuya, ko ciwon kai da jiri da mantuwa sun same ta, ta ga likita, ta gaya masa da bakinta cewa shaƙe ta aka yi, ya rubuta a fayil.

Bari in zana miki yadda zaman nan zai kasance, don na ga irinsa har na haddace. Dattijo zai kira su falonsa bayan la'asar. Mijin zai zo da shadda mai kyau, ya durƙusa ya gaida shi, ya ce sharrin Shaiɗan ne da gajiyar aiki, watakila har ya yi hawaye. Za a juya kanta a ce ita ma ta riƙa kama bakinta, haƙuri maganin zaman duniya. Sannan dattijo, don ya nuna da gaske yake, zai ce: to ka sani, in ba ka daina ba kotu za ta kai ka. A shafa fatiha. Dattijo ya koma ɗakinsa da farin cikin ya gyara aure, ya kira Baba ya ce an daidaita. Ita kuma ta shiga motar mijin, su biyu da jaririya, su koma gidan da bindigar take. A hanyar nan ya san abu uku da bai sani ba da safe. Ta tona masa asiri a gaban mutanen garinsu. Tana shirin barinsa. Kuma yana iya rasa bindigarsa da mutuncinsa, watakila da aikinsa. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne fasfonta da na yarinyar su ɓace, a karɓe wayarta, a kai bindigar gidan aboki ko a ɓoye ta a mota, ko ya riga ta zuwa kotu ya ce ita take dukansa. Mafi munin ba sai na rubuta ba.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da aka yi wa irin wannan sulhu. Daren ranar mijin ya ɗora mata bakin bindiga a goshi yana tambayarta su wa da wa ta gaya wa. Allah ya yi da sauran kwananta, ta fita ba takalmi ta buga ƙofar maƙwabta. Da na yi magana da wanda ya jagoranci zaman, abin da ya ce shi ne wallahi yaron ya rantse masa da Alƙur'ani. Na yarda ya rantse. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi rantsewa a irin wannan zama ba.

Kada kuma ki ɗauka da zarar alƙali ya sa hannu shi ke nan an tsira. A nan ne haushina yake komawa kan hukuma. Da farko, a Teksas takardu biyu ne masu kama da juna, kuma mutane suna rikita su. Akwai wadda ake bayarwa cikin shari'ar saki, sunanta “restraining order”, wadda 'yan sanda ba sa kama mutum don ya saɓa mata. Wadda ƙanwarki take buƙata sunanta “protective order”, ta riƙe sunan nan da kyau don shi za ta faɗa a wurin shigar da ƙara. Ita ce saɓa mata laifi ne da ake kama mutum a kai. Ba a biyan ko sisi wajen nemanta, kuma a gundumar Harris, inda Houston take, ofishin mai gabatar da ƙara yana taimaka wa mata su shigar. Tana da haƙƙin neman tafinta.

Alƙali yana iya ba da ta wucin gadi ba tare da an ji ta bakin mijin ba, ta kwana 20. Amma haramcin tarayya ba ya hawa kansa sai an kai masa sammaci, an ba shi damar kare kansa a zama, an ba da cikakkiyar oda, wadda yawanci takan kai shekara biyu. Wato akwai makonni tsakanin ranar da sammaci ya shiga hannunsa da ranar zama, ya san komai, bindigar kuma watakila tana nan. Waɗannan kwanakin su ne mafi haɗari a duk tafiyar. Dole ta riga ta bar gidan, tana inda bai sani ba, kafin takarda ta isa gare shi.

Sannan ko bayan cikakkiyar oda, wa zai je ya karɓo bindigar? A Kalifoniya doka ta ce ya miƙa ta cikin awa 24, ya kawo wa kotu rasit cikin awa 48. Teksas ta haramta masa riƙewa amma ba ta kafa tsari ɗaya na karɓa a faɗin jihar ba, kowace gunduma da yadda take yi, wani wurin ma a bar shi da amanarsa. Jihar ba ta rajistar bindigogi, kuma mutum yana iya saye a hannun wani mutum ba tare da an binciki sunansa ba. Don haka lauyanta ya roƙi alƙali ya rubuta ɓaro-ɓaro a cikin odar: wa za a miƙa wa bindigar, wace rana, da wace shaida za a kawo. Ita kuma ta faɗi abin da ta sani, guda nawa ne, wace iri, ina yake ajiyewa, akwai ta mota ko babu.

Ina faɗin wannan ne don sakacin ofis ya sha cin rayuka. Wanda ya kashe mutum 26 a cocin Sutherland Springs ta Teksas a Nuwambar 2017, kotun soja ta riga ta same shi da laifin dukan matarsa da ɗanta tun 2012. Doka ta haramta masa bindiga, amma rundunar sojin sama ba ta aika sunansa rumbun binciken masu saye ba, ya shiga shago ya saya. A 1999 kuma, a garin Castle Rock na Kolorado, Jessica Gonzales tana da oda a hannu mijinta ya kwashe 'ya'yansu mata uku. Ta yi ta kiran 'yan sanda tun yamma har tsakar dare suna ce mata ta jira. Kafin asuba ya zo ofishinsu yana harbi, suka kashe shi, aka tarar da gawar yaran a motarsa. A 2005 Kotun Ƙoli ta ce ba ta da hurumin ƙarar garin a ƙarƙashin kundin tsarin mulki don sun ƙi aiki da odar. Ban kawo waɗannan don ta fasa neman oda ba. Ta nema, tana da amfani ƙwarai: da ita ake kama shi idan ya tunkaro ta, da ita ake hana shi saye a shago, kuma tana aiki a kowace jiha ta koma. Amma ta neme ta tana da wurin kwana da shirin fita a hannu.

Shirin nan akwai masu yin sa kullum, kyauta. Ta kira layin taimakon waɗanda ake cin zarafinsu a gida, 1-800-799-7233, dare ko rana, ta nemi tafinta in tana so. A Houston akwai Houston Area Women's Center, suna da wurin fakewa da masu raka mata kotu. Ta kira da wayar da ba ya dubawa, don mai goge bindiga a gaban matarsa yana duba wayarta, wani ma yana sa na'urar bibiya a mota. Ta haɗa fasfo da katin zama da takardar haihuwar yarinya da magunguna a wurin da za ta ɗauka cikin minti ɗaya. Hotunan rauni da saƙonnin barazana ta turo miki ta goge nata. Kada ta taɓa bindigar, kada ta ɓoye ta, kada ta zare harsasan, don ranar da ya nema bai gani ba ita zai tambaya. Wani zai ce ita ma ta sayi tata tunda katinta ya ba ta dama. Ni ban ba da wannan shawara ga macen da take kwana ɗaki ɗaya da wanda ya fi ta ƙarfi ba. Kada kuma ta sa hannu a kowace takardar yarjejeniya da lauyansa zai miƙo, musamman wadda ta ɗora oda a kansu su biyu, sai nata lauyan ya karanta, don wanda ba ɗan ƙasa ba idan aka same shi da saɓa odar kariya ana iya korarsa. Idan ya sake ɗauko bindigar ko ya kai hannu wuyanta, 911 za ta kira, kuma kalmar farko da za ta faɗa ita ce akwai bindiga a gidan.

Ke kuma naki aikin, Hajiya, kada maganar nan ta shiga zauren WhatsApp na dangi. Kafin magariba ta kai kunnen yayarsa ko mahaifiyarsa, kafin isha ta isa Houston. Ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da ta gaya miki da kwanan wata. Ki karɓi cikakken adireshin gidan da lambar mutum ɗaya amintacce a can, don daga Kano ba za ki iya kiran 911 ba. Ku ajiye wata kalma tsakaninku wadda in ta faɗa kin san a kira mata taimako. In za a tura mata kuɗi, kada ya bi ta asusun da suke tarayya.

Ga iyayenmu da malamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu na ƙasashen waje kuwa, ina roƙonku don Allah ku ji ni. Kuna kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, kuma gaskiya ce. Amma Alƙur'anin da ya faɗi haka shi ya ce a Suratul Baƙara kada ku riƙe su don cutarwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya ce bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya faɗa ramin wuta. A wata ruwayar ya ce mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe har sai ya daina, ko da shaƙiƙinsa ne. Bai ce a jira sai an ga jini ba, nunin kansa ya hana. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta alƙali yana raba aure saboda cutarwa, kuma kun fi ni sanin babin. To me ya sa idan yarinya ta ce an shaƙe ta, tambayarku ta farko ita ce me ta yi masa? Me ya sa kunyar a ce Bahaushe ya shiga hannun 'yan sandan Turawa ta fi muku nauyi a kan a ɗauko gawar 'yar mutane a akwati a sauke ta a filin jirgin Malam Aminu Kano? Rufin asirin da kuke nema wa namijin da wuyan matarsa ake biyansa. Idan mace ta zo muku da maganar makami ko shaƙa, ku tambaye ta ko tana da wurin kwana a daren nan, ku buɗe mata ɗakin matanku, ku raka ta inda za a taimake ta, kuma ku kama bakinku a gaban mijin.

Idan Baba ya nace sai an yi sulhu, ki gaya masa ba a rufe ƙofar ba, jeri ne aka sauya. Ta fita tukuna, oda ta fito, bindiga ta bar hannunsa da shaida a rubuce, sannan duk maganar da za a yi ta bi ta hannun lauyanta, don idan odar ta hana shi tuntuɓarta, aiken dattijo ma yana iya zama saɓa mata.

Kano tana gaban Houston da awa shida ko bakwai, gwargwadon lokacin shekara. Ki lissafa lokacin da kika san yana wurin aiki ki kira ta yau, kuma kafin ki ce komai ki tambaye ta ko ita kaɗai ce a ɗakin.